Mai Ɗibar Jini da Aikin Bangon Jijiya

Duk mahaucin da ke aiki a mayankar Mubi ya san jini ba ya jira. Ana yanka sa, kafin a fara fiɗa, abin da ya zuba ya riga ya kama jikinsa ya zama guda. Amma wannan sa ya yi shekaru jini na zagaya shi, tun daga rugar da aka haife shi a Kamaru ko Chadi har ranar da aka sauke shi a kasuwar shanu, bai taɓa daskarewa ba. Na mutum ma haka yake. A cikin jijiya zai yi shekara tamanin yana gudu, a zuba shi cikin kwalba kuwa, mintuna kaɗan sun ishe shi sandarewa. Mutane da yawa suna ɗauka iska ce ke daskarar da shi. Ba ita ba ce. Jini a shirye yake ya daskare ko da yaushe, bangon jijiya ne ke hana shi, dare da rana.

Wannan ne ya sa nake ganin girman mutumin nan da muke wucewa ta gabansa a asibiti ba mu ko tambayi sunansa ba, wato mai ɗibar jini a ɗakin gwaji. Daga lokacin da allurarsa ta huda jijiya, jinin ya rabu da abin da ke tsaronsa. Abin da ya rage masa shi ne hannun wannan ma'aikaci, da nutsuwarsa, da abin da ya sani.

Sai an san abin da bangon jijiya ke yi kafin a gane nauyin da ya hau kan hannun. A cikin jini, ban da jajayen ƙwayoyi da farare, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ma'aikatan asibiti ke kira filatilet, masu toshe kafa idan an ji rauni. A ɗigon da bai kai kan allura ba, wato maikurolita ɗaya, mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000, kowace kuma ba ta wuce kwana 7 zuwa 10 a raye. Cikin kowace akwai 'yan jakunkuna cike da wani sinadari mai suna ADP. Da ta taɓa wurin da jijiya ta yage, sai ta manne, ta fito da ƙafafu, ta zubar da ADP ɗin nan. Na kusa da ita su ji, su manne, su ma su zubar da nasu. Kamar kururuwar ɓarawo ce a unguwa da tsakar dare: gida ɗaya ya yi, na gaba ya ɗauka, na gaba da shi ya ƙara. Idan ba wanda ya tsayar da ita, gari duka zai fito da sanduna a toshe hanya saboda akuya ɗaya.

Masana a Oslo ta ƙasar Norway ne suka nuna a 1961 cewa ADP ke sa filatilet mannewa, kuma daga jajayen ƙwayoyin jini suka samo shi. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Shekara ɗaya bayan haka, Gustav Born a Landan ya fito da hanyar auna haɗuwarsu ta haska fitila cikin ruwan jini. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne gano mai kashe kururuwar. Sai a 1996 da 1997 ne ayarin Simon Robson a Boston da na Aaron Marcus a New York suka tabbatar cewa wani enzayim ne da ke zaune a fatar ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiya, mai suna CD39. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi sunanta ENTPD1, tana kan kuromosom na 10. An kafe shi a fatar ƙwayar ta kai da ta ƙafa, bakinsa yana waje, cikin magudanar jini.

Aikinsa yanka ne. ATP, wanda shi ne makamashin kowace ƙwaya a jiki, yana da gutsuren fosfet uku a wutsiyarsa, ADP yana da biyu. Dukansu daga dangin sinadaran da ake kira nukiliyotaid suke. CD39 yana cire gutsuren har ya rage ɗaya, abin ya koma AMP, wanda filatilet ba sa amsa masa. Daga nan wani enzayim na biyu, CD73, wanda ƙwayar gado NT5E da ke kuromosom na 6 ke samarwa, ya cire na ƙarshen. Abin da ya saura shi ne adenosin, shi kuma lallashin filatilet yake yi, yana kuma buɗe jijiya. Wato abin da ya fito a matsayin kiran gaggawa, kafin ya yi nisa an mai da shi umarnin a kwantar da hankali. Bangon jijiya yana da wasu makamai biyu, nitirik oksayid da furostasaikilin, amma wannan na yankan ya fi burge ni, don da kayan faɗan ake yin sulhun.

Yadda tsarin yake da laushi ya bayyana a 1999, lokacin da aka samar da ɓeraye marasa ƙwayar gado ENTPD1. An zaci jininsu zai riƙa daskarewa nan da nan. Sai ga shi idan an yanke su jinin ya daɗe yana zuba, domin filatilet ɗinsu sun sha jin ADP har sun kurumce, ba sa amsawa ranar da ake bukatarsu, alhali kuma ana samun zaren daskarewa ya taru a wasu gaɓoɓinsu na ciki. A mutane ma an ga illar rashin enzayim na biyun, CD73. A 2011 likitoci a Amurka suka bayyana iyalai uku da NT5E ɗinsu ta lalace, kalsiyam ya taru a jijiyoyin ƙafafunsu har tafiya ta zame musu azaba. Sauro kuwa tun tuni ya san wannan hanya. A miyaunsa akwai enzayim mai yanka ADP, ɗan uwan CD73 na nesa, da shi yake rufe bakin filatilet har ya sha ya ƙoshi. Kaska da tsando da ke addabar shanu su ma suna da irinsa.

To, mai ɗibar jini ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan a yatsunsa. Akwai ɗan CD39 a jikin fararen ƙwayoyin jini da ke biyo sirinji, amma bai kai ya riƙe komai ba. Don haka duk ƙa'idar da gwani ke bi, idan ka bi diddiginta, abu ɗaya take nema: kada a tayar da kururuwar tun farko.

Yana farawa da neman jijiya, kuma a nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Littattafan koyarwa da yawa cike suke da hotunan farar fata, inda jijiya ke kwance shuɗiya kowa na gani. A Mubi, Bafulatani ne ko Fali ko Gude ko Margi ko Bahaushe, yawanci ido ba ya ganin komai. Yatsa ke gani. Gwani zai ɗaure damtse da roba, ya ɗora kan manuniyarsa a lanƙwasar gwiwar hannu, ya danna a hankali ya saki. Jijiyar da yake nema tana da taushi, tana dawowa idan an danna. Wadda ke bugawa ta jini mai fitowa daga zuciya ce, ba a taɓa ta. Mai tauri kamar igiya kuwa agara ce. Ta tsakiyar lanƙwasar ya fi so, don ba ta cika gudu daga allura ba, kuma ta fi nisa da abubuwan da ake tsoron soka. Za ka ji yana cewa, "Baba, dunƙule hannun, amma kar ka riƙa matsawa kana saki." Yana da dalili. Matsawa da saki na fitar da fotasiyam daga tsoka, sakamako ya fito da abin da ba ya jikin Baba. Robar ma ba ya bari ta wuce minti ɗaya. Idan neman ya yi tsawo, zai kwance, ya jira hannu ya huta, ya sake.

Ga lokacin hunturu, sa'adda iska ke saukowa daga duwatsun Mandara jijiyoyi su noƙe. Gwani ba ya dukan hannun mutum da ƙarfi don su fito. Zai ɗumama wurin, ko ya sa a saukar da hannun ƙasa na ɗan lokaci. Ga yaron da gudawa ta tsotse, irin waɗanda aka yi ta kawowa lokacin annobar kwalara ta 2018 a Mubi ta Arewa da ta Kudu, jijiya ta lafe ta manne. Ga tsohuwar da jijiyarta ke mirginawa ƙarƙashin fata, sai an ja fatar da babban yatsa an kafe ta. Ga jariri, wanda a diddige ake tsaga shi, a gefe, ba a tsakiya ba saboda ƙashi, a goge ɗigon farko, kuma ba a matse ƙafar kamar ana tatsa. Ba a koyon waɗannan daga allo. Hannu ɗari bayan hannu ɗari ne ke koyar da su.

Bayan ya goge wurin da sifirit, sai ya jira ya bushe. Mai gaggawa yana ganin ɓata lokaci ne. Amma sifirit ɗin da allura ta shiga da shi yana ƙara zafi, yana kuma iya fasa jajayen ƙwayoyi. A nan maganar Oslo ta dawo. Kowace jar ƙwaya cike take da ATP da ADP da fotasiyam. Idan ta fashe a sirinji ta zubar da su, kuma babu bangon jijiya da zai share. Shi ya sa gwani ke shigar da allura sau ɗaya, a kwance-kwance, tsagin bakinta na kallon sama, ba ya lalube da ita a cikin nama. Shi ya sa yake jan sirinji a hankali, yana barin jinin ya biyo da kansa. Shi ya sa ba ya tura jini cikin kwalba da ƙarfi ta siririn bakin allura, sai ya bar shi ya gangara ta jikin kwalbar ba tare da kumfa ba. Wanda ya yi garaje zai ga ruwan jinin ya fito ja-ja bayan an juya shi a inji, maimakon kalar fatsi-fatsi. Irin wannan samfur yana iya sa likita ya zaci ƙodar mutum ta sami matsala alhali lafiyarta ƙalau.

Sai kwalabe, masu murfi kala-kala. Kowace da abin da ke cikinta. Ta ƙirgen ƙwayoyin jini da gwajin sikila tana ɗauke da EDTA, wanda ke kame kalsiyam, tunda in ba kalsiyam jini ba ya daskarewa. Wannan kamun har ɗan CD39 da ya biyo jinin yake kashewa, don shi ma da kalsiyam ko maganiziyam yake aiki. Ta gwajin daskarewa tana da sitiret, kuma ita ba ta yafe kuskuren awo: kashi 9 na jini, kashi 1 na magani, sai an cika ta daidai layi. Ta sukari tana da fuloraid mai hana ƙwayoyi cinye sukarin kafin a auna. Akwai ta hefarin, akwai kuma wadda ba komai a ciki, inda ake son jinin ya daskare. Har jerin cika su yana da doka. Idan ɗan EDTA ya gurɓata kwalbar auna gishirin jiki, fotasiyam zai hau, kalsiyam ya faɗi, takarda ta nuna mutum yana bakin mutuwa shi kuwa yana zaune kan benci yana hira.

Abin da na fi son kallo shi ne juyin kwalba. Da an rufe, gwani zai kifa ta ya miƙar, ya kifa ya miƙar, kamar sau 8 ga ta EDTA, sau 3 ko 4 ga ta sitiret, da wuyan hannu kawai. Ba ya girgizawa. Idan ya yi jinkiri, 'yan gudaji da ido ba ya gani za su haɗu, su tattare filatilet, inji ya ƙirga ya ce sun yi ƙaranci. Idan ya girgiza, ya fasa jajayen. Tsakanin jinkiri da garaje akwai 'yar siririyar hanya, a kanta yake tafiya sau da yawa kowace safiya, ga layi har waje, ga zafin watan Afrilu. Kuma idan inji ya nuna filatilet sun faɗi ƙasa ga mutumin da ba ya zubar da jini ko ta ina, ƙwararre ba ya sa hannu nan take. Zai shafa ɗigo a gilashi, ya rina, ya duba a madubin gwaji. Akwai mutane ƙalilan da filatilet ɗinsu ke dunƙulewa a cikin EDTA kaɗai. Da ya ga tarin a gefen shafin, zai sake ɗiba a kwalbar sitiret. Wannan dubawa ta minti biyar tana iya hana a ɗora iyali a mota zuwa Yola cikin tashin hankalin banza.

Masu sikila su ne suka fi kowa sanin darajar hannu mai kyau. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan ciwo a Najeriya kowace shekara, kuma wanda ya rayu da shi an soke shi har ba ya ƙirgawa. Jijiyoyinsa sun yi tabo, sun yi tauri, kaɗan suka rage masu amfani. Gwani yana tambayarsa, "Ɗan'uwa, ina aka fi samu?" kuma yana sauraron amsar, don kowace jijiyar da aka ɓata yau, ranar da ciwo ya tashi za a neme ta a rasa. Abin sha'awa, wannan hanya ta CD39 da CD73 ta shigo cikin binciken sikila ma. A 2011 ayarin Yang Xia a Houston suka ruwaito cewa adenosin yana yawa a jinin masu ciwon, kuma yawansa na sa jajayen ƙwayoyi su saki iskar oksijin da wuri, abin da ke ƙara lanƙwasa su kamar lauje. Yawancin aikin a ɓeraye da ƙwayoyin da aka ɗiba aka yi shi, amma ya nuna abin da ke lallashi a wani wuri yana iya cutarwa a wani.

Babban fagen wannan sana'a shi ne ledar jini. Mutanen Mubi sun ga ranakun da leda ɗaya ta fi komai tsada: asubar 21 ga Nuwamba 2017, da bam ya tashi a masallaci ya kashe aƙalla mutum 50, da kuma 1 ga Mayu 2018, da irin haka ya sake faruwa. Amma bukatar yau da kullum ba ta shiga labarai. Mace ce da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa aka ɗauko daga wani ƙauyen Maiha, yaro ne da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini da damina, ɗan acaɓa ne da ya faɗi a hanyar Michika. Sau da yawa ɗan'uwa ake kira ya bayar, yana zuwa da tsoro, don ya ji an ce bayar da jini na rage ƙarfi. Ma'aikacin zai auna nauyinsa, kada ya gaza kilo 50, ya duba yawan jininsa, ya gaya masa gaskiya: ruwan zai dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin cikin 'yan makonni. Za a gwada jinin don ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere.

Ledar tana ɗaukar mililita 450, a cikinta kuma akwai mililita 63 na ruwan magani da aka yi shekaru sittin ana gyarawa. Sitiret ɗinsa ya samo asali daga 1914 da 1915, lokacin da Albert Hustin a Beljiyam, Luis Agote a Ajantina da Richard Lewisohn a New York, kowa ta hanyarsa, suka nuna za a iya hana jini daskarewa ba tare da an cutar da mai karɓa ba. Kafin nan sai an kwantar da mai bayarwa kusa da majinyaci. Daga baya aka ƙara gulukos don ƙwayoyin su sami abinci, aka ƙara fosfet, a ƙarshen shekarun 1970 kuma aka ƙara adenin, wanda shi ne tushen ATP, don jajayen ƙwayoyi su ci gaba da ƙera makamashinsu a cikin firji. Da shi leda ke kai kwana 35 a sanyin digiri 2 zuwa 6. Sai dai maganin ba ya gauraya kansa. Inda babu injin lilo, ma'aikacin ne zai riƙa ɗaga ledar yana juya ta a tafinsa muddin jini na shiga, idonsa ɗaya a kan ma'auni, ɗaya a fuskar mai bayarwa, ko zai ga gumi ko jiri. Idan jinin ya yi ta ɗiga har ya wuce kwata na awa, ya san filatilet sun fara farkawa a cikin robar. Bayan haka ga gwajin dacewa tsakanin jinin mai bayarwa da na majinyaci, ga lura da firji a garin da wuta ba ta da tabbas, ga dokar cewa ledar da ta fita a fara ɗaura ta cikin minti 30, a gama cikin awa 4.

Akwai kuma wani abu da ba ya bukatar kimiyya, amma ya fi duka haɗari: rubuta suna. A garin da Muhammadu da A'isha da Maryamu suka cika kowane layi, gwani ba ya cewa, "Ke ce A'isha?" don mai jin jiki tana iya gyaɗa kai ga kowane suna. Cewa yake, "Hajiya, faɗa mini sunanki da na mahaifinki." Yana rubutawa a jikin kwalbar tun tana zaune a gabansa, ba bayan ta tashi ba. Leda mai kyau da aka ɗaura wa wanda ba nasa ba tana kisa.

Idan an gama, roba ake fara kwancewa, sannan a zare allura, sannan a danna auduga. Yanzu kuma abin da aka yi ta gudu shi ake so, filatilet su taru su toshe hudar, CD39 na gefe ya hana toshiyar bazuwa cikin jijiya. Aikin majinyaci a nan shi ne ya miƙe hannun ya danna na minti biyu zuwa biyar. Naɗe gwiwar hannu a kan audugar, wanda kusan kowa ke yi, yana buɗe hudar jini ya taru ƙarƙashin fata, murzawa kuma tana rushe abin da aka fara ginawa. Wanda ke shan asfirin ko clopidogrel saboda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya faɗa tun kafin a soke shi. Clopidogrel kunnen da filatilet ke jin ADP da shi yake toshewa, don haka nasa dannawar sai ta fi ta kowa daɗewa, kuma gwani ba zai sallame shi ba sai ya ɗaga audugar ya duba da idonsa.